Dakta Christopherson na Hartum: likitan da ya auna guba har ta zama magani

Duk malamin makarantar da ya yi ƴan shekaru a garuruwan bakin kogin Rahad, daga Hawata zuwa ƙauyukan da ke kudu da ita, ya san wannan lamari. Bayan damina, lokacin da aka gama yankan riɗi dawa ta fara nuna, sai a nemi yaro a aji a rasa. A tambayi ƴan'uwansa, su ce zazzaɓi ne ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, an kai shi asibiti. Bayan mako uku ko huɗu sai ga shi ya dawo, ya rame, yana ɗingishi saboda yawan allura. Ciwon shi ne kala-azar. Ɗaya daga cikin alluran da aka yi masa kuma daga wani ƙarfe ake haɗa ta, mai suna antimoni.

Antimoni ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Dutsensa na cikin abin da mutanen da suke niƙawa su yi kwalli, ko da yake yawancin kwallin da ke kasuwa dutsen dalma ne. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, antimoni guba ce mai kisa idan ta shiga jiki fiye da ƙima. Yadda aka yi wannan guba ta samu gindin zama a asibitocin Sudan yana da alaƙa da rayuwar wani likita Bature, John Brian Christopherson, wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana aiki a ƙasar. Tarihinsa ya shafi duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka yi masa allura, a Gadarif ne ko a Maraɗi.

Daga Ingila zuwa bakin Nilu

An haifi Christopherson ranar 30 ga Afrilun 1868 a garin Batley da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a kwalejin Clifton, ya wuce jami'ar Cambridge, sannan ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin birnin. Fannin tiyata ya fara riƙewa. Ya yi ƴan shekaru yana aiki a asibitin ma'aikatan jirgin ruwa da ke tashar Albert Dock, inda ake kwantar da matuƙan da suka dawo daga Indiya da Afirka ɗauke da cututtukan ƙasashe masu zafi. A nan idonsa ya fara sabawa da irin ciwace-ciwacen da likitan Ingila ba ya yawan gani.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, ya tafi can ya yi aikin tiyata a asibitin sojoji na Deelfontein. A 1902 ya iso Sudan. Shekara huɗu ke nan da rundunar Kitchener ta karya daular Mahadi a Umdurman, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, Reginald Wingate ne gwamna-janar. Yaƙi da yunwa da annoba sun cinye jama'a da yawa. Likitocin da ke ƙasar kusan duka na soja ne, kuma lafiyar soja da ma'aikatan gwamnati ce a gabansu.

A daidai wannan zamani ne Hausawa da Fulani suka ƙara kwararowa gabas. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, suka tsaya noma da su a bakin koguna. Jikokinsu ne ke zaune yau a Mai Wurno da Hawata da ƙauyukan Rahad da Dindir, wato a tsakiyar yankin cututtukan da Christopherson ya yi suna a kansu.

Bai daɗe da zuwa ba aka sa shi yaƙi da annobar agana a Umdurman. A 1904 aka kafa sashen kiwon lafiya na farar hula a Sudan, aka naɗa shi shugabansa na farko. Zaman bai yi daɗi ba. Mutum ne mai faɗar abin da ke ransa, gwamnatin kuma ta sojoji ce, waɗanda ba su saba farar hula ya ja da su ba. A 1908 aka karɓe shugabancin aka ba wani hafsan soja. Shi kuma aka bar masa asibitocin farar hula na Hartum da Umdurman. A idon mutane an rage masa girma ne. Amma wannan sauyi ne ya raba shi da takardun ofis ya mayar da shi bakin gadon majinyata, inda aikin da ake tunawa da shi ya fito.

Cututtuka biyu da ba su da magani

Ta farko ita ce tsargiya, wato fitsarin jini, wadda likitoci ke kira bilharziya. Sunan ya samo asali daga Theodor Bilharz, likita Bajamushe da ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Tsohuwar cuta ce ƙwarai, don a 1910 an ga ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, masu shekara kusan dubu uku. Tsutsar tana zama cikin jijiyoyin jini na mafitsara ko na hanji, tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke huda nama ya jawo jini, da daɗewa kuma ya lalata mafitsara da ƙoda da hanta. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa dodon koɗin ruwa ne ke rainon tsutsar, daga jikinsa take fita ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. An san yadda ake kamuwa, amma babu abin da ke kashe ta cikin jikin mutum.

Ta biyu ita ce kala-azar. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo da dare ne ke yaɗa ta, wanda ke son baƙar ƙasa mai tsagewa da rani da dazukan aduwa da na talha, irin ƙasar kudancin Gadarif sak. Ƙwayar cutar tana shiga saifa da hanta da ɓargo. Zazzaɓi ya daɗe, saifa ta kumbura, jini ya ƙare, kuma wanda bai samu magani ba da wuya ya tsira. Likita Sheffield Neave ne ya fara tabbatar da ita a Sudan a 1904. Daga 1909 gwamnati ta tura ayarin bincike yankunan Kasala da Sinnar, suka tarar cutar ta yi kaka-gida a garuruwan da ke wajen iyakar Habasha.

Gishirin da ke sa amai

Maganin da zai shiga tsakani tsoho ne mai baƙin suna. Ana kiran sa tartar emetic, wani farin gishiri ne na antimoni da aka san shi tun ƙarni na 17, kuma sunansa ma yana nufin abin da ke sa amai. A Faransa an yi shekara ɗari ana rigima a kan antimoni. A 1566 majalisar Paris ta hana amfani da shi, ta ce guba ne. A 1658 sarki Louis na 14 ya kwanta rashin lafiya, aka ba shi giya mai antimoni, ya tashi, a 1666 aka ɗage haramcin. Masu kisan kai ma sun san shi. A 1903, shekara guda bayan Christopherson ya iso Sudan, an rataye wani mutum mai suna George Chapman a Landan bayan mata uku da ya zauna da su sun mutu da wannan gishiri.

A farkon ƙarni na 20 masu bincike suka lura cewa idan aka narka gishirin aka zuba shi kai tsaye cikin jijiya, yana kashe wasu ƙwayoyin cuta kafin ya kashe mai ɗauke da su. An fara gwada shi a kan ciwon barci. A 1912 Gaspar Vianna na Birazil ya warkar da gyambon fata da dangin ƙwayar kala-azar ke haddasawa. A 1915 likitoci biyu a tsibirin Sisili na Italiya, Di Cristina da Caronia, suka yi amfani da shi a kan yara masu kala-azar, Leonard Rogers ma ya yi haka a Indiya. A karon farko aka ga masu wannan ciwo suna tashi.

A lokacin Christopherson ba ya Hartum. Ya auri Joyce Ormerod a 1912, ɗiyar wani babban likita a Landan, sannan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi ya tafi Sabiya aikin agaji tare da ayarin likitoci. Sojojin Ostiriya suka mamaye yankin, ya faɗa hannunsu. Wanda ya taimaka aka sake shi tsohon abokin zamansa ne na Sudan, Rudolf Slatin, ɗan Ostiriyan da ya yi shekara goma sha ɗaya a tsare hannun Mahadi da Halifa Abdullahi, ya tsere a 1895, daga baya ya zama babban sufeto a gwamnatin Wingate. Yaƙi ya mayar da shi ƙasarsu yana kula da sha'anin fursunonin yaƙi a ƙungiyar Red Cross. Sanayyar Hartum ce ta buɗe wa Christopherson ƙofa.

Shekarar 1917

Da ya koma asibitinsa sai ya fara yi wa masu kala-azar allurar antimoni, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1917. A nan hannunsa ya faɗa da maganin: yadda ake narka shi, yawan da jiki ke ɗauka, da alamun da ke nuna an kusa wuce iyaka. A watan Mayun wannan shekara ya gwada shi a kan tsargiya. Tunaninsa mai sauƙi ne. Tsutsar cikin jini take zaune, maganin kuma cikin jini ake zuba shi.

Abin da ya bambanta aikinsa shi ne awo da haƙuri. Yakan fara da rabin giren, giren kuwa wani ƙaramin ma'auni ne na masu haɗa magani, kimanin miligiram 65. Ya narka shi da ruwa mai tsabta, ya tura a jijiya sannu a hankali. Daga nan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har zuwa kimanin giren biyu, yana tsallake rana tsakanin allura da allura, har majinyaci ya karɓi jimillar giren ashirin zuwa talatin cikin makonni. Da za a haɗa wannan jimilla a zuba wa mutum lokaci guda, da gawarsa za a ɗauka. A rarrabe kuma, da sa ido, sai ta zama waraka.

Bai tsaya ga cewar majinyaci ya ji sauƙi ba. Shi da mataimakinsa na ɗakin gwaji, J. R. Newlove, suna duba fitsari da madubin likita kullum. Suka ga jini yana ɗaukewa, ƙwai suna baƙi suna yamushewa. Sai su zuba su a ruwa su jira. Ƙwai mai rai yakan ƙyanƙyashe, ɗan tayin tsutsar ya fito yana iyo. Na wanda ya gama allura ba ya motsi. A watan Satumban 1918 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahotonsa a kan majinyata goma sha uku. A 1919 shi da Newlove suka fitar da bayani a kan mutum saba'in. Cutar da ta addabi mutanen Nilu tun zamanin Fir'auna ta samu maganinta na farko, kuma daga Hartum ya fito.

Zuma ce da zaƙi da harbi. Ana cikin tura allurar majinyaci yakan fashe da tari, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, amai ya taso. Bayan kwanaki gaɓoɓi su yi ciwo. Idan ɗigo ya kuskure jijiya ya zuba cikin nama, wurin yakan ruɓe ya zama gyambo. Mafi muni shi ne abin da yake yi wa zuciya da hanta, don yana iya rikita bugun zuciya mutum ya faɗi nan take. Christopherson bai ɓoye wannan ba. A rubuce-rubucensa ya yi ta nanata cewa guba ce ake riƙe da ita, dole a fara da kaɗan, a dakata idan jiki ya nuna alama, kuma a gama adadin da aka tsara.

Rigima da takwarorinsa

Nasara ba ta zo ita kaɗai ba. Wani likita a Landan, J. E. R. McDonagh, ya fito ya ce shi ne ya fara amfani da antimoni a kan tsargiya, har ya ambata a littafinsa na 1915. Gaskiya ne ya ambata. Sai dai bai kawo bayanin majinyata ɗaya bayan ɗaya ba, bai kuma nuna hanyar da wani likita zai bi ba. Shi ya sa tarihi ya jingina maganin ga mutumin Hartum.

Ta biyun ta fi zafi, don daga gida ta fito. A 1919 Robert Archibald na ɗakin binciken Wellcome da ke Hartum, tare da wani likita mai suna Innes, suka wallafa bayanin wani majinyacin tsargiya da ya mutu bayan an yi masa wannan allura, suka nuna ɓarnar da suka gani a gaɓoɓin cikinsa. Christopherson ya mayar da martani, bai yarda maganin ne kaɗai ya kashe mutumin ba. Tsoronsa shi ne kada mutuwa ɗaya ta sa likitoci su yar da abin da zai ceci dubbai. Shekarun da suka biyo baya sun nuna kowannensu yana da rabon gaskiya. Maganin ya warkar da jama'a masu ɗimbin yawa, kuma ya kashe wasu. Mai kawo sabon magani yakan fi ganin waɗanda suka tashi, shi ya sa ake buƙatar wani a gefe mai ƙidaya waɗanda suka faɗi.

Akwai kuma abin da bai kamata a manta ba. A wancan zamani babu dokokin neman yardar majinyaci kamar yadda aka san su yau, balle a ƙasar da ke hannun ƴan mulkin mallaka. Mutanen da suka miƙa jijiyarsu aka koyi awon maganin a jikinsu suna da kaso cikin wannan nasara, amma sunan likita kaɗai ya shahara.

A 1919 Christopherson ya bar Sudan, aka ba shi lambar girma ta CBE. Ya ci gaba da aiki a Landan, a asibitin cututtukan ƙirji, yana kuma duba tsofaffin sojojin da suka dawo da cututtukan ƙasashe masu zafi. Da ya yi ritaya ya koma kusa da garin Lydney a yammacin Ingila. A can ya rasu ranar 21 ga Yulin 1955 yana da shekara 87, wata biyar da ƴan kwanaki kafin Sudan ta samu ƴancin kai. A 2009 Ann Crichton-Harris ta wallafa littafi a kan rayuwarsa.

Abin da ya faru da aka saki awo

Maganinsa ya yi fiye da shekara hamsin yana aiki. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hukuma ta ji tsoron magudanan ruwa za su zama gidan dodon koɗi, don haka aka riƙa gwada leburorin da ke shigowa ana yi wa masu cutar allurar antimoni.

Masar ce ta fi kowa amfani da shi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon na 1980 an yi gangamin yi wa mutanen karkara allura, ƙauye bayan ƙauye. Jama'a su yi dogon layi, sirinjin gilashi ƴan kaɗan ne, ba a tsayawa a dafa su yadda ya kamata kafin a soka wa na gaba. An rage tsargiya, amma an shuka wata cutar ba a sani ba: ciwon hanta nau'in C, mai bin jini. Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin ɗari na ƴan shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa da shi, adadin da babu irinsa a duniya a lokacin. Sai da Masar ta yi wani gagarumin gangamin gwaji da magani daga 2018 kafin ta shawo kansa. Laifin ba na gishirin ba ne, na gaggawa ne da allura ɗaya ga mutum da yawa.

A ɓangaren kala-azar an samu ci gaba. A 1922 Upendranath Brahmachari na Kalkata ya fito da wani haɗin antimoni mai sauƙin dafi. A shekarun 1940 aka samu sodium stibogluconate, wanda aka fi sani da Pentostam, kuma Robert Kirk da likita ɗan Sudan Mohamed Hamad Satti suna cikin waɗanda suka fara gwada shi a kan majinyata a Sudan. Amma a jihar Bihar ta Indiya, inda aka daɗe ana sayen maganin a kanti, ana yin allura kaɗan a daina da zarar zazzaɓi ya sauka, ƙwayar cutar ta saba da shi. Zuwa shekara ta 2000 ya daina warkar da fiye da rabin majinyata a wasu gundumomin. Wuce awo yana kashe mutum, gaza awo kuma yana kashe maganin.

Gadon da ya rage a Gadarif

Mai tsargiya yau ya huta da antimoni. Tun shekarun 1970 aka samu ƙwayar praziquantel, wadda ake sha sau ɗaya bisa nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo. A makarantu da sandar awon tsayi ake ƙayyade yawan ƙwayoyin da yaro zai sha. Tana iya sa jiri da ciwon ciki na ɗan lokaci, musamman idan babu abinci a ciki, shi ya sa ake cewa yaro ya ci ya ƙoshi tukuna. Ba ta hana sake kamuwa, don haka wanda ya koma wanka a kududdufi ko magudanar ruwa zai iya komawa gidan jiya.

Mai kala-azar kuwa har yanzu yana tare da jikan gishirin Christopherson. Gadarif na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. A 1996 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinya a Um al-Khair da ke bakin Rahad, kuma a wannan jiha aka yi gwajin da ya nuna stibogluconate mai araha da ake yi a Indiya yana aiki daidai da Pentostam mai tsada. A da kwana 30 ake yi ana allura, miligiram 20 ga kowane kilo a kullum. Daga 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa shi da allurar paromomycin a gabashin Afirka, aka rage kwanakin zuwa 17.

Ko da yake ya fi kakansa sauƙi, halin gidan bai bar shi ba. Yana sa ciwon gaɓoɓi da amai, yana iya kumbura ƴar tsokar da ke bayan tumbi mai sarrafa sukari, yana taɓa hanta, yana kuma iya rikita bugun zuciya. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu juna biyu, da masu ƙwayar cutar ƙanjamau, da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu. Irin waɗannan wani magani ake ba su ta ƙarin ruwa, mai suna AmBisome. Ita ma paromomycin tana iya taɓa ji da ƙoda. Gwajin da ƙungiyar DNDi da abokan aikinta suka yi a gabashin Afirka, har da Sudan, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna haɗa paromomycin da ƙwayar miltefosine na kwana 14 yana warkarwa kamar tsohon haɗin, ba tare da antimoni ba. Sai dai miltefosine na iya nakasa ɗan tayi, don haka mace mai ciki ba ta shan ta. Babu maganin da ya zo hannu rabbana.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa jihar Gadarif, ya kuma dagula hanyoyin da magani ke bi ya iso asibiti. A irin wannan hali ne mutum kan ji sha'awar sayen kwalbar allura a hannun wanda ya ce yana da ita, ya nemi mai allurar unguwa ya soka wa ɗansa. Kwalbar da ba a san inda ta fito ba, babu sikelin auna yaro, babu gwajin da ya tabbatar kala-azar ce ba maleriya ko taifot ba, babu mai sauraron zuciya. A Indiya da Nepal an taɓa rasa rayuka saboda kwalaben stibogluconate da aka yi kuskure wajen haɗa su, kuma a asibiti ne ma aka yi waɗannan allurai.

Abin da ya kamata iyaye su riƙe kaɗan ne. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin maleriya ba, a kai shi inda ake gwajin kala-azar. A faɗa wa likita idan akwai ciki, ko ciwon zuciya, ko wani magani da ake sha. A tabbata sirinji sabo ne, an buɗe shi a gaban ido. Idan ana cikin jinya aka ji bugun zuciya ya canza, ko jiri mai kai wa ga suma, ko amai da ciwon ciki mai tsanani, a sanar da ma'aikata kafin allura ta gaba. Kuma ko yaro ya tashi yana wasa a rana ta goma, a bari ya cika kwanakinsa.

Christopherson ya bar Sudan kafin layin dogo ya iso Hawata a ƙarshen shekarun 1920, kuma da wuya a samu wanda ya san sunansa a kasuwar garin. Ba shi ya ƙirƙiro gishirin ba, ba shi ne ya fara zuba shi a jijiya ba. Abin da ya ƙara shi ne ya auna, ya jira, ya duba fitsari da safe, ya rubuta abin da ya gani don wani ya iya bi. Yaron da ya dawo aji yana ɗingishi, da ransa, ya ci albarkacin wannan ɗabi'a ne a hannun ma'aikaciyar jinyar da ta ɗora shi a sikeli kafin ta zuƙo allura.